Zagin da Na Kasa Maimaitawa a Gaban Surukina

Lokacin sanyi ne, irin sanyin ƙasar nan mai shiga ƙashi, wanda magariba take riskar mutum tun ƙarfe biyar yana kan hanya. Kuma shekarar ce da aka zubar da jini a Paris, shekarar da duk mai lulluɓi ta koma tafiya kai a ƙasa kamar ita ta aikata. Sojoji a bakin tasha, sojoji a bakin masallaci. A jirgin ƙasan da nake shiga daga unguwarmu Sevran, a gefen Paris, zuwa wajen aiki sai a cika maƙil, amma kujerar da ke kusa da ni babu kowa. Ni kuwa a lokacin mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, mutuniyar Damagaram, na biyo maigidana ƙasar nan tun yaranmu suna ƙanana. Aikina shara da goge-goge a ofisoshi. Ban yi makarantar boko ba, sai bayan na yi aure na shiga ajin yaƙi da jahilci, a can na koyi wannan rubutun da nake yi muku da shi. Faransanci ina jinsa fiye da yadda nake iya mayarwa, kuma duk wadda ta yi aikin shara ta san zagi ne kunne yake fara koya. Ba ni da faɗa. Yarana ma sun san ban iya ɗaga murya ba. Amma wannan takardar da ɓacin rai nake rubuta ta, ku yi mini uzuri.

A cikin wannan sanyin 'yata ta haihu, haihuwar fari, a Lyon inda take aure. Da a gida muke ita za ta zo wurina wankan jego, to likitarta tana can, sai ni na ɗauki hutu na tafi. Na bi ta kasuwar Barbès na sayi kanwa da garin gero da yaji, wata 'yar uwa ta ba ni busasshen ganyen wanka, na cika jaka biyu na hau jirgi. Mijin 'yar tawa yaron kirki ne, ɗan Maraɗi, karatu ya kawo shi Lyon har ya gama ya samu aiki. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta gida. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci yana gani ba. Idan ya shigo falo ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa nawa a ƙasa, da an gama gaisuwa ɗayanmu zai san inda ya nufa. 'Yata takan yi mana dariya, ta ce ɗaki biyu ne kacal a gidan amma mun mayar da shi kamar unguwa biyu. Ni kuwa alfahari nake da hakan, a raina ina cewa ko a tsakiyar Turai ba mu zubar da tarbiyya ba.

Gidan bene ne, a hawan da ke ƙasan nasu akwai wani mutum, Bature, zai kai shekara sittin, shi kaɗai yake zaune. Tun kwana na uku da zuwana ya fara buga rufinsa da sanda idan na ɗora ruwan wanka da safe. Wai ƙarar ruwa ta dame shi, wai warin ganye yana bin bututu yana shigar masa ɗaki. Na rage ruwa, na daina jan tukunya a ƙasa, na koma tafiya da safa. Idan mun haɗu a matakala ina gaishe shi, ba ya amsawa. Ban ce wa kowa komai ba.

Kwana na goma sha biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, na sauka sayen nama don farfesun mai jego. Da na dawo na same shi a zauren ginin, wajen akwatunan wasiƙa. Na matsa gefe in ba shi hanya. Bai wuce ba. Ya kama hijabina ta baya ya fizga har allurar da na maƙale shi da ita ta yage mini fatar wuya, ya hankaɗa ni, na kare da hannu na bugu da ƙarfen akwatunan na zube ƙasa. Ya tsaya a kaina ya tofa mini yawu, sannan ya yi magana. Ya ambaci addinina. Ya ambaci launin fatata da dabbar da yake ganin na yi kama da ita. Ya faɗi abin da ya ce ya kamata a yi wa mata irina, da sunan abin da ke jikin mace ƙarara, ya ƙara da cewa irin abin da muke haifa a sama shi ne gobe yake tashi da mutane. Kowace kalma na ji ta, na kuma gane ta. Wata tsohuwa Baturiya da ke zaune a ƙasa ta buɗe ƙofarta tana masa ihu, sai ya fice. Ita ta tsince mini hijabin da naman. Ta ce ta ji duk abin da ya faɗa, in dai shaida ake so ga ta. Na yi mata godiya na hau sama.

Abin da na fara yi shi ne wanke hijabin, saboda azahar ta kusa kuma ba zan tsaya gaban Ubangijina da yawun wannan mutumin a jikina ba. Na wanke wuyana, na shafa man zafi a hannu, na ɗora farfesu. Ban gaya wa 'yata ba, don mai jego ba a tayar mata da hankali, ruwan nono sai ya ɗauke. Sai washegari da hannun ya kumbura na kasa ɗaga tukunya, surukina ya lura. Ya durƙusa daga nesa ya ce Mama, don Allah me ya samu hannun. Na ce na faɗi. Ya ce tsohuwar ƙasa ta tare shi da safe ta ce mutumin nan ya ture ni. Ture ni kawai ta ce masa, ita ma da alama ta ji nauyin sauran. Ya ce lalle sai mun je wajen 'yan sanda. Na buga wa maigidana, ya ce in yi haƙuri, mu baƙi ne, katina na izinin zama a ƙasar ya kusa ƙarewa, wannan ba shekarar da Musulmi zai kai kansa gaban hukuma ba ce. Na ce to, Malam. Amma yaron ya dage, na bi shi don kada in kunyata shi.

Mun yi awa biyu a kan benci kafin a kira mu. Ɗan sandan matashi ne, da ganinsa ya gaji, idonsa a kan na'urarsa. Da farko ya ce tunda rigimar maƙwabta ce gara a rubuta a littafin da suke ajiye labari kawai, wanda ba a yin bincike a kansa. Surukina ya ce a'a, ƙara muka zo shigarwa. Ɗan sandan ya ja numfashi ya ce to. Aka zaunar da ni a kujera, surukina a kujerar da ke manne da tawa, shi ne tafinta. Tunda aka ɗaura aurensu ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Na ba da labarin fizgar da turewar. Sai ɗan sandan ya tambaya ko mutumin ya ce wani abu. Na ce ya zage ni. Ya ce wane irin zagi. Na ce zagi marar kyau. Ya ce yana bukatar kalmomin yadda suka fito. Surukina ya juya mini tambayar da Hausa, muryarsa can ƙasa, kansa a sunkuye. Ku da kuka tashi a gida ku gaya mini, ta yaya zan buɗe baki in faɗi sunan al'aurar mace a kunnen mijin 'yata, shi kuma ya ɗauka da bakinsa ya miƙa wa wani namiji? Na ce ban ji sosai ba, Faransancina kaɗan ne. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini. Ɗan sandan ya ɗaga kafaɗa ya buga abin da ya buga.

A nan raina yake ɓaci, kuma har gobe. Ba zan ce bai tambaya ba, ya tambaya. Amma bai ce mini, baiwar Allah, duk shari'ar nan a kan waɗannan kalmomin take tsaye ba. Bai ce yaron ya ɗan fita ba. Bai nemo mace ba, alhali na ga mata biyu da kaki suna wucewa ta ƙofar. Bai tambaya ko akwai wanda ya ji ba, bai tambayi dalilin da zai sa mai rigimar ruwa ya fara da fizge hijabi ba. Mace ta zo da yagaggen wuya a irin wannan shekarar, ta ce an cire mata lulluɓi, kuma sai an yi maka wahayi kafin ka gane? Ya fitar da takarda ya ce in karanta in sa hannu. Ban karanta ba. Na kama alƙalami na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi, har ina jin daɗi a raina cewa ba dangwale na yi ba. Aka tura mu wajen likita ya duba rauni. Ya tambaye ni yaya hannun, na ba shi amsar da aka koya mini tun ina yarinya, na ce da sauƙi, alhamdulillahi. Ya tambaya ko ina iya barci, ko ina jin tsoro. Na ce lafiya lau. Ya rubuta cewa raunin bai hana ni aikin ko da kwana ɗaya ba. Ni da na yi mako uku ina matse zanen jariri da haƙori da hannun hagu.

Na gama arba'in na koma Sevran. Na ba wa abokiyar aikina labari, wata 'yar Chadi mai baki kamar reza. Ta ajiye tsintsiya ta ce Hajiya, ke dai an yi sakarar kirki, da ita ce da ta maimaita wa ɗan sandan zagin tas, ta ƙara masa biyu nata na kanta kyauta. Muka yi dariya. Bayan wasu watanni takarda ta zo daga ofishin mai gabatar da ƙara, ɗana ya karanta mini, an rufe maganar, babu isasshiyar hujja. Maigidana ya ce ai shi ya faɗa. A cikin kwanakin nan ne kuma na ga wani babban mutum a talabijin yana karanta adadin abin da aka yi wa Musulmi a ƙasar a shekarar da ta wuce, ana ta gardama, wasu na cewa ya yi yawa, wasu na cewa ana zuzutawa. Ina zaune da kwanon tuwo a gabana ban ma san cewa ni ba na cikin lissafin ba.

Sai da damina ta wuce a gida, nan kuma ganye ya fara zuba, sannan abin ya dawo. 'Yata ta dawo daga awon jariri, mutumin ya tare ƙofar na'urar hawa bene da ƙafarsa, ya shuri keken da yaron yake ciki har ya karkace, ya matso kunnenta ya faɗa mata irin abin da ya faɗa mini. Babu kowa a wurin. Ita a nan ta girma, ba ta tsaya wanke komai ba, ta wuce wajen 'yan sanda ta faɗi kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Aka kira shi ya musanta. Ya ce mutanen sama ne suke neman sa da sharri tun rigimar ruwa, har ya nuna cewa shi ma ya taɓa zuwa ya sa an rubuta ƙorafinsa a kan ƙara da wari. Aka buɗe tsohuwar takardata, aka ga saɓanin maƙwabta da zagin da ba a fayyace ba. Sai maganar ta zama bakinta da bakinsa, gida biyu da ba sa jituwa. Su 'yata suka nemi masu gidan su sauya musu wuri, aka ce rigimar maƙwabta ba ta sa a tsallake layin masu jiran gida. 'Yata ta koma ba ta sauka sai mijinta yana nan. Jikana ya koyi rarrafe bai san iskar waje ba.

Wata mata a masallaci ce ta kwatanta mini wata ƙungiya a unguwar Belleville cikin Paris da ke taimakon irinmu. Na je da takarduna a leda. Na samu wata matashiya mai ilimin shari'a, 'yar arewacin Kamaru, tana jin Hausa. Ta karanta takardar da na sa wa hannu sau biyu, ta cire tabarau ta ce Mama, a nan ba a rubuta cewa an taɓa ki don ke Musulma ce ko don ke baƙa ce ba. Ta yi mini bayanin da ya kamata a yi mini tun ranar farko. Ta ce dokar ƙasar ta raba abin gida biyu. Wanda ya ture maƙwabcinsa bai ji masa rauni mai yawa ba, ƙaramin laifi ne, abin tara. Wanda ya ture shi saboda addininsa ko launinsa, babban laifi ne da zai iya kai shi gidan yari. Alƙali kuwa ba ya ganin zuciya, abin da ya fito daga bakin mutum kafin dukan ko lokacinsa ko bayansa shi yake dubawa. Ta ce haka ma lissafin da ake karantawa a talabijin, daga abin da aka rubuta a irin waɗannan takardun ake tattara shi, abin da bai shiga takarda ba a wajen hukuma bai faru ba. Sai ta rufe ƙofa ta ce yanzu mu biyu ne, duk mata, me ya ce. Na faɗa mata da ƙyar, ina kallon ƙasa. Ta tambaya ko akwai wanda ya ji. Da na ambaci tsohuwar, sai ta dafe kai ta ce Mama, shaida a hannunki wata goma kina zaune a kanta? Ta ce lokaci bai ƙure ba tukuna, a rubuta wa mai gabatar da ƙara kai tsaye, amma tunda surukina ne ya yi tafinta, dole shi ma ya rubuta ya bayyana dalilin da ya sa kalmomin ba su fito ba a ranar.

Da yamma na buga wa 'yata na gaya mata gaskiya. Ban taɓa jin muryarta haka ba. Ta ce Mama, kin ji ya ambaci abin da na haifa, kika hau sama kika dafa mini farfesu? Ta ce kin bar ni ina wucewa ta ƙofarsa da jariri wata da watanni ban san abin da ke cikinsa ba, don kada mijina ya ji kalma a bakinki? Ta ce kunyar nan wa ta tsare, ni ko shi? Sauran da Faransanci ta faɗa tana kuka.

Ba zan ce muku mun yi nasara ba. Lokacin da aka nemi tsohuwar, 'ya'yanta sun riga sun kai ta gidan tsofaffi, ba ta gane kowa. Aka sake rufe maganar. Daga ƙarshe su 'yata ne suka tattara suka bar unguwar, shi yana nan a ɗakinsa, takardarsa fes. Ina jin haushinsa, amma shi maƙiyi ne, aikinsa ya yi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne tsarin da yake jiran macen da ke cikin firgici ta san sirrin doka da kanta, idan ba ta sani ba a rubuta rigimar maƙwabta a wuce, a ƙarshen shekara kuma a fito a ce abin bai kai yadda muke faɗa ba. Ina jin haushin manyanmu da ba su da wata magana sai a yi haƙuri, kamar haƙurin nawa ba a kan jikana ya ƙare ba. Ina kuma jin haushin kaina fiye da kowa. 'Yan uwana mata da ke ƙasashen nan, ku ji daga bakin wadda ta yi kuskuren. Kada ki wanke komai sai an ɗauki hoto, ki sa wani hijabin ki yi sallarki. Kada ki tafi da wanda kike jin nauyinsa ya yi miki tafinta, ki nemi mace, ki nemi baƙo. Ki ce ƙara kika zo shigarwa. Ki faɗi sunan wanda ya ji. Idan likita ya tambaye ki, ba gaisuwa yake yi ba, ki ce yana ciwo. Kada ki sa hannu sai an karanta miki kin ji kalmomin a ciki. Ƙazantar maganar ta wanda ya faɗe ta ce, ba taki ba.

Washegarin ranar da 'yata ta yi mini wannan faɗan, na idar da sallar asuba na zauna a kan darduma har gari ya waye. Maigidana yana shan shayi a gefe. Na ɗauki waya na buga wa surukina, karo na farko da na taɓa kiran lambarsa da hannuna. Ya fara doguwar gaisuwa, na katse shi. Na ce ya samo takarda da alƙalami. Na ce ranar nan ƙarya na yi, na ji komai. Ya ce Mama, ko a bari 'yarki ta karɓa. Na ce a'a, kai ne tafintana. Maigidana ya ajiye kofi ya tashi zai fita, na ce Malam, zauna, kai ma ka ji. Sannan na fara faɗa, da Faransancin yadda ya fito daga bakin mutumin, ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa bayan kowace kalma har sai na ji ya ce ya rubuta.